Waƙar da ba ta sauraron makaɗi

Duk wanda ya halarci biki a Kazaure ko Babura cikin 'yan shekarun nan ya san inda kiɗa yake fitowa. Yana fitowa ne daga manyan sifiku biyu da aka girke a bakin rumfa, da wani matashi a bayansu riƙe da waya ko kwamfuta. Mai kalangu, in ma an gayyace shi, yakan tsaya can gefe yana jiran a kashe janareto kafin a ji shi. Wannan sauyi bai zo dare ɗaya ba. Tun daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, masu shirya finafinan Hausa suka shiga neman kiɗan da zai yi musu arha da sauri, suka same shi a fiyano. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan yadda fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan waƙoƙin fim, musamman bayan kasuwar da Sangaya ya yi a 1999. Daga baya manhajojin kwamfuta irin su FL Studio suka karɓa, aka koma jera bugun ganga a kan allo kamar mai jera 'ya'yan dara. Kiɗa ya yawaita, amma hannun makaɗi ya fita daga cikinsa.

Shi ya sa nake kallon gangar lantarki da idon rahama, domin ita ce na'ura ta farko cikin waɗannan baƙi da ta dawo da hannu da sanda cikin sana'ar. Ba ta yawaita ba tukuna a ƙasarmu. An fi ganin ta a wasu situdiyo na Kano da majami'un Sabon Gari, sai ɗaiɗaikun matasa da suka samu ta hannu. Amma abin da ya shigo Kano yau, gobe yana kan hanyar Daura, kuma gara mu yi tunaninsa tun bai zauna ba.

Ga wanda bai taɓa ganin ta ba, wasu farantai ne na roba ko na raga da aka kakkafa a jikin ƙarfe. Su kansu ba su da wani amo, in ka buge su sai ka ji kamar an ƙwanƙwasa littafi. A ƙarƙashin kowane faranti akwai wani ɗan abu mai jin girgiza, wanda ke mayar da bugu ya zama saƙon lantarki, waya ta kai shi cikin wani ƙaramin akwati. Wannan akwati shi ne komai, har masu sana'ar a Turai suna kiran sa ƙwaƙwalwa. Shi ke tantance wane faranti aka buga da irin ƙarfin da aka buge shi, sa'an nan ya fito da amon da aka ajiye masa. Kamfanin Simmons na Ingila ne ya fara shahara da ita a 1981, da farantansa masu kusurwa shida. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya fito da samfurin V-Drums mai fatar raga, wadda ke mayar da sanda kusan yadda fatar gaske ke yi. Yamaha da Alesis su ma suna da nasu.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani aiki guda da akwatin ke yi. Yana ba ka damar shigar da waƙa cikinsa, ka saƙala abin ji a kunne, ka yi kiɗa a kanta, ya naɗe maka duka, ka mayar ka saurara. Akwati irin Roland TD-17, wanda ya fito a 2018, yana karɓar waƙa ta waya ko ta Bluetooth ko ta katin memori, kuma yana iya ajiye abin da ka kaɗa a katin. Waƙar da ake kiɗa a kanta bari mu kira ta shimfiɗa, tunda ita ake fara shimfiɗawa kafin makaɗi ya hau. Dabarar ta girmi na'urar. Tun 1950 wani kamfani a birnin New York mai suna Music Minus One yake buga fayafayen da aka cire kayan kiɗa ɗaya daga cikinsu, don mai koyo ya cike gurbin a ɗakinsa. Karaoke na Japanawa, wanda ya ɓullo a shekarun 1970, ɗan wannan gida ne, sai dai shi murya aka cire.

Amfanin abin a bayyane yake, kuma ba ƙarami ba ne. Makaɗi ba ya jin kansa yadda jama'a ke jin sa. Hankalinsa yana kan hannunsa, jikinsa yana cikin zafin abin, kuma laifi tudu ne. A da, wanda ke hango masa tudun shi ne ubangidansa. Yaro yakan yi shekaru a bayan mahaifinsa riƙe da kuntuku ko ƙaramin kalangu, yana maimaita bugu ɗaya, in ya kauce a harare shi, in ya sake kaucewa ya ji sandar kiɗa a ka. Yau matashin da bai gaji kiɗa ba, ba shi da mai hararar sa. Naɗin nan shi ne ke tsaya masa. Da ya mayar ya saurara zai ji abin da bai taɓa zato ba: yana gaggawa duk lokacin da zai yi ado, yana jan ƙafa bayan ya gama, hannun hagunsa bai kai na dama nauyi ba. Na'ura ba ta kara, ba ta kuma jin nauyin kowa. Ga kuma wata fa'ida da ta dace da zamanmu na gidan yawa: mutum zai iya yin awa biyu yana kiɗa bayan sallar isha'i ba tare da ya tashi jaririn ɗakin kusa ba.

Tunda na san cikin masu karanta wannan fili akwai ɗalibai da ke taɓa irin waɗannan kaya, bari in ɗan tsaya a kan yadda ake naɗin, domin a nan ake yawan asara. Akwatuna da dama sukan ba ka zaɓi: ko a naɗe kiɗanka haɗe da shimfiɗa, ko a naɗe kiɗanka shi kaɗai. Wanda ya haɗe su ya dama fura da nono, ba zai sake raba su ba. In daga baya ya ga waƙar ta danne gangar, ko ya so ya ɗora kiɗan a kan wata murya, sai dai ya sake daga farko. Shawarata ita ce a naɗi na haɗe don saurare da gyaran hannu, amma duk kiɗan da ake son ajiyewa a naɗe shi tsurarsa. Sa'an nan naɗin kansa iri biyu ne. Akwai naɗin amo, wato sautin da kunne ya ji. Akwai kuma naɗin MIDI, wani tsari da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, wanda ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Abin da yake rubutawa shi ne wane faranti aka buga, a wane lokaci, da wane ƙarfi, a kan ma'auni daga 0 zuwa 127. Kamar bambancin naɗar muryar mai karatu ne da rubuta abin da ya karanta. Mai MIDI yana iya sauya amon gangar bayan shekara ba tare da ya sake ɗaga sanda ba.

Sai batun jinkiri. Shigar da waƙa cikin akwati ta Bluetooth ba shi da illa, domin ko ta makara wajen isowa, daga inda ta iso za ka bi ta. Illar tana wajen saurare. Wanda ya sa abin ji marar waya zai buga faranti, amon ya iso kunnensa bayan kashi ɗaya cikin goma na sakan ko fiye, alhali hannun makaɗi yana gane jinkirin da bai kai rabin rabin wannan ba. Sakamakon shi ne ya dinga gaggawa don ya cim ma kansa, ya koya wa hannunsa mugun hali. Abin ji mai waya, ko na arha ne, ya fi. Kuma a ajiye asalin naɗin a siffar WAV. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya an riga an matse shi, ya zubar da wani abu na amonsa.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna yana wani wurin.

A zangon karatun da ya wuce wani ɗalibina, mutumin ƙasar Roni, ya kunna mini wani naɗi da ya yi a situdiyon abokinsa a Kano. Ya ɗora kiɗa a kan wata waƙar zamani ta Legas, kuma tsakani da Allah bai kauce ko sau ɗaya ba. Na ba shi wani tsohon naɗin waƙar noma da nake koyarwa da shi, na ce ya je ya gwada. Bayan mako ya dawo yana cewa waƙar ce ba ta da saiti: mawaƙin yana tsawaita wani wuri ya gajarta wani, 'yan amshi ba sa shigowa inda ya ƙirga, kiɗan kuma yana ƙara sauri yana tafiya. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne. Sai dai abin da ya kira rashin saiti shi ne saitin.

Waƙar baka ta Hausa zance ce tsakanin mutane da ke kallon juna. Jagora yana yin ɗan waƙa, kuma tsawon ɗan yana hannunsa. In magana ta yi masa daɗi ya ja ta, in ya ga fuskar wanda ake yi wa ta sauya ya taƙaita. 'Yan amshi ba ƙirge suke yi ba, sauraro suke yi, da sun ji ya dire sai su ɗauki gindin waƙa. Makaɗi kuwa idonsa ɗaya yana kan jagora, ɗaya yana kan fage. Babban mutum ya shigo, sanƙira ya ɗaga murya, nan take kiɗa ya juya zuwa takensa. A gonar gayya mai gangar noma yana bin bayan manomin da ya fi zafi, in ya ga kunya ta kusa ƙarewa ya matsa masa, in ya ga ƙarfi ya fara sanyi ya sassauta sa'an nan ya sake zuga shi. A fagen dambe mai kalangu ne ke kiran ɗan wasa da takensa har ya tsumu ya fito. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, kuma masu sauraronsa sun san waƙarsa guda ba ta fitowa iri ɗaya a zama biyu. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Makaɗan da suka zauna a bayan irin wannan mutum ba haddar kiɗa suka yi ba kawai, sun koyi karanta numfashinsa ne.

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Wannan magana ta ɗauka cewa makaɗi na da ikon sauyawa. Shimfiɗa ba ta ba shi wannan iko. An riga an gama ta kafin ya zauna. In ya yi abin burgewa ba za ta amsa ba, in ya yi kuskure ba za ta jira shi ba, in ya tsaya cak za ta wuce abinta har ƙarshe. Wanda duk tarbiyyarsa ta kiɗa a kanta ya same ta zai fito da hannu mai tsabta da kunne mai biyayya. Zai iya bi. Ja-gaba da amsawa da karanta fage kuwa, waɗanda su ne rabin sana'ar a wurinmu, ba inda zai gamu da su.

Abin ya ƙara tsananta da wani maɓalli da ke cikin manhajojin naɗi, wanda ke jan kowane bugu ya ɗora shi daidai kan layin awo mafi kusa. Ga waƙar da aka gina a kan allon kwamfuta wannan gyara ne. Ga kiɗan da ke tafiyar uku-uku a kan biyu-biyu, wanda daɗinsa ke cikin ɗan jinkirin nan da ɗan rigayen nan da ba su kai a rubuta ba, aski ne da ya haɗa da kunne.

Sa'an nan mu leƙa cikin akwatin mu ga gangunan wa aka zuba. A 1991 aka fitar da daidaitaccen jerin sautuka na General MIDI, mai ɗauke da amon kayan bugu 47. Akwai konga da bongo na Kuba, akwai ƙararrawar agogo ta Burazil, wadda sunanta daga Yarbanci ya ƙetara teku, kamar yadda ya zo mana nan muka laƙa wa abin duba lokaci. Babu kalangu, babu kotso, babu taushi, babu jauje, balle dundufar maƙera. Wasu akwatunan zamani sun saka abin da suka kira ganga mai magana, amma galibi 'yan amo ne ƙayyadaddu. Kalangu kuwa maganarsa a hammata take. Makaɗi yana matse tsirkiya amo ya hau, ya saki ya sauka, ta haka yake bin karin sautin Hausa, wannan hawa da sauka da ke raba baba na marina da Baba mahaifi. Faranti da sanda ba su da hammata. Akwai samfuran bugun hannu, irin HandSonic na Roland, da ke jin dannawar tafi har su lanƙwasa amo, kuma sun fi kusa da buƙatarmu, amma ko su sai an ba su amon da za su lanƙwasa.

Akwai kuma tambayar mai waƙa. Kiɗa a kan waƙar wani a cikin ɗakinka koyo ne, ba mai tuhumarka. Ranar da ka ɗora naɗin a YouTube ko Facebook ko TikTok, ka shiga gonar mai ita. Waɗannan kafofi suna da na'urorin gane waƙa, suna iya kashe sautin ko su karkatar da kuɗin talla ga mai haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare mai waƙa da mai naɗi da wanda ya yi wasan, har ta tanadi kariya ga fasahohin gargajiya. Wannan wani dalili ne na naɗar kiɗanka shi kaɗai: shi ne kason da yake naka ba gardama.

Me ya kamata a yi ke nan? Ba na cikin masu cewa a guji na'ura. An faɗi haka a kan fiyano, bai hana komai ba. Abin da nake gani shi ne mu yi shimfiɗunmu da kanmu, kuma yankin Kazaure yana da abin da ake buƙata fiye da wurare da yawa. A garin Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da aka fi sani da Informatics. A Babura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafa ta a 2021. A ɗaya gefen kuma akwai fada da makaɗanta da ke fita hawan salla, akwai masu gangar noma da masu kalangun mahauta a ƙauyukan Roni da Gwiwa, akwai mata masu kiɗan ƙwarya a cikin gidaje, ga Babura a bakin iyaka inda kiɗan ƙasar Damagaram ke shigowa tare da 'yan kasuwa. Tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da waɗannan mutane tafiyar ƙasa da awa guda ce a babur.

Wani zai ce ai akwai tsofaffin naɗe-naɗe a gidan Rediyon Kaduna da kasakasai a hannun jama'a. Akwai su, kuma dukiya ce. Amma an ɗauke su ne a dunƙule, murya da kiɗa da amshi a layi guda. Manhajojin raba sauti, irin Spleeter da kamfanin Deezer na Faransa ya saki a 2019, an tsara su ne su raba murya da ganguna da jita mai kauri irin na waƙoƙin Turawa, kuma ganga mai hawa da sauka kamar muryar mutum ba ita aka yi su domin ta ba. Sabon naɗi ake buƙata, wanda kowane kayan kiɗa ke da makirufo nasa, jagora da nasa, 'yan amshi da nasu. Daga nan sai a fitar da waƙa guda a siffofi da dama: wadda ba kalangu, wadda ba kuntuku, wadda ba amshi. Kuma a naɗi kowace waƙa sau uku a zama daban-daban, don mai koyo ya ji da kunnensa cewa ɗan da ya yi tsawo jiya yau ya gajarta. Shimfiɗa uku masu saɓani ba su zama jagora mai rai ba, amma za su hana yaro zaton cewa waƙa dutse ce. A ɗauki kuma amon kowace ganga bugu-bugu, a hankali da ƙarfi, a matse da a sake, tunda akwatuna irin TD-17 suna karɓar amon da mai su ya zuba musu.

Kuɗin ba shi ne matsala ba. Naɗin awa guda da makirufo shida, a ingancin faifan CD, bai kai gigabait 2 ba, katin memori ɗaya zai ɗauki na kwana da kwanaki, kuma na'urar naɗin da batir take aiki. Wanda ya ce makarantun fasaha suna da abin da ya fi wannan muhimmanci, sai in tambaye shi mene ne ɗalibin lantarki ko na kwamfuta zai koya a aikin kammala karatu da ya fi auna sauti, da tace shi, da tsara ma'ajiyarsa. Inda nake jin tsoro shi ne wajen adalci. Mun saba zuwa wurin makaɗi da rakoda, mu ba shi na goro, mu dawo mu rubuta kundi da sunanmu. In za a yi wannan aiki, a rubuta sunan kowane makaɗi da garinsa da wanda ya koya masa, a karanta masa yarjejeniya da Hausa a gaban shaidu, a biya shi kuɗin aiki, a kuma yanka masa kaso in amon gangarsa ya shiga kasuwa. Mutumin da fiyano ya raba da abincinsa bai kamata a zo a karɓi sauran abin da ya rage masa kyauta ba.

Lokacin aikin ma a lura da shi. Kalangun dambe da kiɗan biki sai bayan kaka, sa'ad da amfani ya shigo gida. Makaɗan fada a same su kafin salla ko bayanta, da izinin masarauta. Gangar noma kuwa ba a ɗaki za a naɗe ta ba. Sai an bi ta gona da damina, an sa makirufo ɗaya a kan gangar, ɗaya kuma ƙasa kusa da kunya inda garma ke shiga, domin da wannan sautin makaɗin yake auna bugunsa.